Littattafan da ɗalibin siyasa zai fara da su a Sakkwato, da yadda ake karanta su

Babban abin da karatun kimiyyar siyasa da karantar da ita suka koya mini shi ne tara littattafai daban, karanta su daban. Za ka tarar da wayar ɗalibi cike da littattafan da aka turo masa ta WhatsApp, amma abin da ya karanta daga bango zuwa bango bai wuce handawut ɗin malami ba. Sai ya san sunan marubuci da shekarar rasuwarsa da jimla guda da ake jingina masa, amma in ka tambaye shi da wa marubucin yake jayayya, sai ya yi shiru. Alhali kowane littafin siyasa amsa ce ga wata rigima da ta taso a zamaninsa. Wanda bai san rigimar ba, bai fahimci amsar ba.

Saboda haka ɗalibin da ke Sakkwato ya fara da rigimar da ya fi sani, wato ta gidansu. Manhajar jami'a ta saba farawa da Girkawa, ta bi ta Turai, in lokaci ya rage a taɓo malaman jihadi a makon ƙarshe. Ni ina ganin a juya tsarin. Wanda ya tashi yana jin sunan Gudu da Tabkin Kwatto da Alƙalawa ya riga ya riƙe rabin mabuɗin.

A fara da Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Gajere ne, ana gama shi a zama ɗaya, kuma Mervyn Hiskett ya buga shi da fassarar Turanci tun 1960. Abin da ya sa na fifita shi a matsayin farko shi ne yana kiran abubuwa da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa manya, da gargaɗi, wato tilasta wa mutane fita yaƙi tare da cin tarar wanda bai je ba. Ya soki gadon sarauta da ƙwace ta da ƙarfi ba tare da shawara ba. Sannan ya kafa mulki a kan ginshiƙai biyar: kada a ba wanda ya nemi mulki, a yi shawara, a bar tsanantawa, a yi adalci, a kyautata. Ya kuma ambaci mataimaka huɗu, waziri amintacce, alƙalin da ba ya tsoron zargin mai zargi, shugaban 'yan doka da zai ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa daga mai ƙarfi, da mai karɓar harajin da ba ya zaluntar talakawa. Ɗalibi ya ɗauki takarda ya raba ta biyu, ɓangare ɗaya abin da aka soka, ɗaya abin da aka ce a yi. Wannan takardar za ta yi masa amfani har ya gama digiri, domin da ita zai auna abin da ya biyo baya, har da daular da aka kafa bayan jihadin.

Daga nan sai Bayanu Wujubil Hijra, wanda Shehu ya kammala a 1806, ana tsakiyar yaƙi. Ya fi tsawo, kuma cike yake da ciro maganganun magabata, musamman Sirajul Muluki na Turtushi. A nan ɗalibai ke gajiya, suna cewa ai duk kwafe ne. Kuskure ne. A al'adar rubutun malamai, ra'ayin marubuci yana cikin abin da ya zaɓa ya ciro, da inda ya ajiye shi, da abin da ya tsallake. A cikin wannan littafin ne maganar nan take, cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Ana yawan liƙa ta a Facebook ba tare da an san babin da ta fito ba. Ɗalibin siyasa ya nemo babin ya karanta abin da ke gabanta da bayanta.

Wanda na fi so a daɗe a kansa shi ne Malam Abdullahin Gwandu, domin shi ne ya fara tambayar da ta fi wuya: in waɗanda suka yi yaƙi da zalunci suka karɓi mulki, me zai hana su zama kamar waɗanda suka kawar? A Tazyinul Waraƙati ya yi kuka da mutanen da himmarsu ta koma ga mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin da ake sukuwa da su cikin gari ba a fagen fama ba. Ɓacin ran ya kai shi ga barin rundunar da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano, inda mutanen garin suka nemi ya rubuta musu yadda ake gudanar da mulki, ya rubuta Diya'ul Hukkami. A karanta waɗannan biyun tare. Na farkon yana nuna ciwon, na biyun yana nuna maganin da ya ga ya dace, wato ɗaure mai mulki da shari'a ta yadda son ransa ba zai samu ƙofa ba. A kula da kalma ɗaya: siyasa a bakin Malam Abdullahi tana nufin dabarar tafiyar da jama'a da hukunci domin maslaha, babu jam'iyya ko ƙuri'a a cikinta. Wanda ya shigo da ma'anar yau cikin kalmar zai yi ta fassara abin da ba a faɗa ba. Haka wanda ya ga shura ya rubuta dimokuraɗiyya kai tsaye, bai tsaya ya tambayi su wa ake shawara da su ba, kuma ko shawararsu tana ɗaure sarki.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ne ya riƙe ragamar da hannunsa daga 1817 zuwa 1837, shi ya sa rubutunsa ya fi kusa da aikin yau da kullum. Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ƙa'idoji bakwai ne. Wadda ta fi jan hankalina ita ce wadda ta ɗora wa mai mulki kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, a rarraba su cikin garuruwa gwargwadon buƙata, a gyara kasuwanni da hanyoyi. Duk mai nazarin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan yana da abin ɗauka a wurin. Infaƙul Maisuri kuwa, na 1812, akwai fassararsa ta Hausa, kuma ɓangaren da bai kamata a tsallake ba shi ne wasiƙun da aka yi musaya da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno. Alkanemi ya ce saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri, kuma irin laifukan da ake zargin Barno da su ana yin su a wasu ƙasashen Musulmi ba tare da an yaƙe su ba. Ɓangaren Sakkwato ya amsa da cewa Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu. Bello ya kawo maganar abokin jayayyarsa a cikin littafinsa don mai karatu ya gani. To ɗalibin da ya ƙi karanta hujjar Alkanemi da zuciya ɗaya don gudun kada ya saɓa wa magabata, ya gaza abin da su magabatan suka yi. Girmama su wajibi ne, kuma daga cikin girmamawar akwai ɗaukar hujjarsu da muhimmancin da za a auna ta.

Kada a manta da Tabbat Haƙiƙa, waƙar Shehu da Nana Asma'u ta mayar Hausa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai. Ita ce hanyar da waɗannan ra'ayoyi suka isa ga wanda bai iya Larabci ba. Mai son sanin tushe kuma ya koma ga Tajuddini na Almagili, babi takwas da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, inda yake ta nanata cewa babbar masifa ita ce sarki ya ɓuya wa talakawansa.

Bayan wannan ne Ibn Khaldun zai yi daɗin karantawa. Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, babba ce, ba a cinye ta gaba ɗaya a zango ɗaya. A ɗauki babi na biyu da na uku, inda ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke kai mutane ga mulki, da yadda jin daɗi ke cinye ta. A can ne ya ce a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta haraji ya yi nauyi abin da ake tarawa ya ragu. Ya ƙiyasta rayuwar daula da zuriya uku, kimanin shekara 120. Ɗalibai kan yi gaggawar ɗora wannan a kan Daular Usmaniyya, daga 1804 zuwa 1903, su ce ga shi ya tabbata. A yi hattara. Abin da ya kawo ƙarshenta rundunar Turawa ce da ta shigo Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 da bindigogin da ba a da irinsu. Ra'ayin malami abin gwadawa ne a kan tarihi, ba a lanƙwasa tarihi don ya dace da shi.

Shekarar 1903 kanta darasi ce cikakkiya. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari ya zauna da jama'a ya kuma rubuta risala yana bayyana dalilinsa. Tambayar da Shehu ya amsa a 1806, wato ko hijira ta wajaba, ita ce ta dawo, kuma mutanen gida ɗaya suka ba ta amsa biyu. Littafin Murray Last na 1967 kan daular, da na Mahmud Modibbo Tukur kan mamayar Turawa daga 1897 zuwa 1914, su ne madogara a nan. A lura, wannan Tukur daban yake da Mahmud Tukur wanda ya rubuta littafi kan shugabanci da ɗabi'un mulki a 1999. Ana yawan haɗa su a kundin kammala digiri.

Na Turawa kuwa, shawarata ita ce a karanta kaɗan amma daga asali. Daga Aristotal a ɗauki kashi na uku da na huɗu na littafinsa kan siyasa, inda ya rarraba nau'o'in mulki. Littafin Makiyabelli kan yarima babi 26 ne gajeru, kwana uku sun isa, kuma a karanta shi kusa da Almagili tunda zamaninsu ya yi kusa kuma dukansu nasiha suke wa mai mulki. Wanda ya fi taɓa halin da muke ciki shi ne Tomas Hobs, wanda ya fitar da Leviathan a 1651 bayan yaƙin basasar Ingila. Babi na 13 yana bayyana rayuwa inda babu hukumar da kowa ke tsoro, babi na 21 kuma yana cewa wajibcin biyayya yana nan ne muddin mai mulki na iya kare mutane. Duk wanda ya san yadda ƙauyuka a yankin Sabon Birni da Isa ke biyan 'yan bindiga kuɗi kafin su yi noma ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi. Sai a bi shi da Jon Lok, wanda ya ce hukumar da ta ci amana jama'a na da ikon sauya ta.

Siyasar Arewa ta ƙarni na 20 tana da nata muryoyin. A karanta tarihin rayuwar Sardauna Ahmadu Bello da ya fito a 1962 tare da sanarwar Sawaba da jam'iyyar NEPU ta fitar ranar 8 ga Agusta 1950, wadda ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin gargajiya. A ƙara da waƙar Sa'adu Zungur, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Wanda ya karanta ɓangare ɗaya kawai zai fito ɗan jam'iyya, ba mai nazari ba. Bayan su sai Yusufu Bala Usman kan yadda ake amfani da addini don biyan buƙatar siyasa, littafin 1987, da maƙalar Peter Ekeh ta 1975 da ke bayyana dalilin da ya sa mutum zai riƙe amanar ƙungiyar garinsu amma ya ɗauki kuɗin gwamnati kamar na banza.

Game da yadda ake karatun, shafi goma a rana da alƙalami a hannu ya fi shafi ɗari a daren jarrabawa. A zangon karatu na mako 12, wannan ya haura shafi 800. Gajerun rubuce-rubuce a maimaita su sau uku: na farko don sanin inda aka dosa, na biyu don fitar da hujja, na uku don neman inda hujjar ta yi rauni. A kan kowane littafi a rubuta amsar tambayoyi huɗu cikin shafi ɗaya: yaushe aka rubuta shi kuma me ke faruwa a lokacin, wa ake wa magana, wa ya cancanci mulki a ganin marubucin, kuma me talaka zai yi in mai mulki ya yi zalunci. Tambaya ta huɗu ita ce ke raba marubutan, kuma ita ce handawut ba ya taɓawa. Duk jimlar da aka kwafa a rubuta lambar shafinta nan take, domin nemanta daga baya yana cin kwanaki. Wanda Larabcinsa bai yi ƙarfi ba ya zauna da ɗan'uwa daga makarantar zaure su bi matanin tare, shi kuma ya taimaka masa da na Turanci. Ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a jami'a da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu suna nan Sakkwato, mai binciken zamanin Turawa kuma sai ya dangana da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da Arewa House a Kaduna.

Akwai kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ɗalibai da yawa ke gama digiri ba su buɗe shi ba. A karanta babi na biyu, musamman sashe na 14 da ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babbar manufar gwamnati, sannan a koma sashe na 6 a ga yadda ya hana kotu tilasta aiwatar da wannan babin. A duba sashe na 7 da na 162 kan ƙananan hukumomi da rabon kuɗi, a haɗa da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Daga nan ɗalibi ya ɗauko takardar nan da ya raba biyu ranar da ya karanta Kitabul Farƙi, ya ajiye ta kusa da kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsu na bana, ya bi su layi bayan layi.