Inda Gwaji Ya Kai: Girgiza Filta da FM a Kan Murya, Sarewa da Kalangu

'Yan uwa masu koyon haɗa sauti a Gombe da kewaye, ga inda aiki ya tsaya a kan zuba sautin waje, kamar murya ko sarewa, cikin filta, wato matatar sauti, ana girgiza ta da FM. FM a nan ba ta rediyo ba ce, girgizawa ce da sauri irin na sauti. Kwamfutar da ke gabanku ta isa, kada kowa ya yi odar inji tukuna.

Filta tana da bakin yanka, wato inda take fara datse sauti. Idan osileta, wato abin da ke samar da lilo mai maimaituwa, tana kai bakin nan sama da ƙasa a hankali, kamar sau 2 ko 5 a daƙiƙa, "wa-wa" kawai za ku ji. Daga sau 20 zuwa 40 sai ya koma gurnani. Da ya wuce nan kunne ba ya iya bin motsin, sai sababbin sautuka su tsiro a gefen na asali, sama da ƙasa, tazararsu daidai da saurin osiletar. Lissafin dangin wanda John Chowning ya gano ne a Jami'ar Stanford a 1967, wanda Yamaha ta gina injin kiɗanta DX7 a kansa a 1983. Sai dai DX7 ba ta da ƙofar karɓar sautin waje, mu kuwa abin da muke so ke nan.

Hanya mafi arha ita ce Pure Data, manhajar kyauta ta Miller Puckette, wadda ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukar ta. Haɗin ba shi da yawa: akwatuna ne ake rubuta musu suna a haɗa su da layi. A ɗauko adc~, mai shigo da sauti, a kai shi ƙofar hagu ta vcf~, wato filtar. A kafa osc~ 220, wato osiletar, a bi da shi ta *~ 300, sannan +~ 1000, sannan clip~ 30 12000, a sa a ƙofar tsakiya. Ƙofar dama a ba ta lamba 8, ita ce kaifin filtar. Abin da ya fito a rage shi da *~ 0.5 kafin dac~, mai fitar da sauti. Da wannan, bakin yanka yana lilo tsakanin 700 da 1,300 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa) sau 220 a daƙiƙa. Wancan clip~ ba ado ba ne: idan zurfin girgiza, wato lambar *~, ya fi lambar tsakiya ta +~, misali 1,500 a kan 1,000, lissafi zai faɗa ƙasa da sifili, sauti ya riƙa yankewa yana tartsatsi.

A fara da sarewa, don muryarta tsaftatacciya ce, duk abin da ya ƙaru za a ji shi fili. Ce mai busa yana riƙe da 660 Hz, osileta tana 220. Za a samu 440 da 880, bayansu 220 da 1,100. Duka ninkin 220 ne, shi ya sa suke zama lafiya da juna, sarewar ta yi kauri ta ɗan karkata wajen algaita. Yanzu mayar da osiletar 170. Sai 490 da 830 su fito, waɗanda ba su haɗa dangi da 660 ba, ƙarar ta koma ta ƙararrawa. Ba kuskure ba ne, amma mai waƙa ba zai gode muku ba idan kuka yi wa muryarsa haka. A nan duk sirrin aikin yake, kuma masu koyo sukan ɓata lokaci a kan zurfi alhali saurin osileta ne bai dace da sautin ba.

To amma mai busa ba ya tsayawa a sauti ɗaya. Da ya hau ko ya sauka, dacewar nan ta rushe. Maganinta a sa osileta ta bi shi. A Pure Data sigmund~ yana sauraron sautin yana fitar da lambarsa. A wuce da ita ta moses 30 a ɗauki ta hannun dama, don idan an yi shiru yakan jefo -1500, sannan mtof mai mayar da lambar zuwa Hz, sannan a ninka da 0.5 ko 1 ko 2, a tausasa da line~ na milisakan 20 kafin osc~. Ga goge da murya yana aiki sosai. Kalangu kuwa yakan rikita shi a daidai bugun, sai a wutsiyar sautin, lokacin da aka matse tsarkiya, yake kamawa. A ganina kalangu ya fi daɗi da osileta tsayayya a tsakanin 60 da 90 Hz, zurfi kaɗan. Waƙar da aka riga aka haɗa da kiɗa da amshi kada ma a gwada, ba ya iya bin sauti biyu.

Akwai hanya ta biyu da ke girgiza sautin kansa, ba filta ba. A rubuta shi cikin delwrite~, a karanto da vd~, jinkirin tushe milisakan 5, osileta tana ƙara ko rage rabin milisakan. Ƙarfin girgizar shi ne 6.28 sau saurin sautin sau zurfin jinkirin a daƙiƙa. Ga 440 Hz ya kama 1.4, ga 2,000 Hz kuwa ya haura 6. Ma'ana saman sauti ya fi watsewa, harafin "s" da "sh" su zama yashi. A datse sama da 3,000 Hz da lop~ kafin a shiga.

Masu FL Studio kan tambaya me zai hana a zana motsin da hannu a kan Fruity Love Philter. Ba zai kai ba. Ma'aunin manhajar na asali mataki 96 ne a kowane bugu, wato a gudun bugu 120 a minti sau 192 kacal a daƙiƙa, sai motsin ya fito tsalle-tsalle. A sauko da Cardinal, shi ma kyauta ne, VCV Rack ne, manhajar kwaikwayon injunan sauti, a sigar da ke zama cikin manhajar haɗa waƙa. A can ku kula: osileta tana fitar da bolt 5 sama da 5 ƙasa, kuma bolt ɗaya kan ninka bakin yanka sau biyu. Buɗe maɓallin zurfi gaba ɗaya hauka ne, a tsaya a kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Kuma da yake ninkawa ake yi ba ƙari ba, hawan ya fi saukar nisa, shi ya sa sauti ke ƙara haske duk lokacin da aka ƙara zurfi. A ɗan sauke bakin yanka ya daidaita.

Wanda ya nace sai ya taɓa ƙarfe da hannu, Korg Monotron ta farko, ta 2010, tana da ƙofar sautin waje da filta irin ta injin Korg MS-20, batir AAA biyu take ci, kuma mai girgizarta yana hawa har cikin saurin sauti. Aibinta huci, kuma ba ta bin mai waƙa. Behringer Crave da Neutron sun fi ta: waya ɗaya daga osileta zuwa ramin bakin yanka, an gama. Idan sautin da ke shiga ya yi ƙarfi yana fashewa, mai gyaran rediyo a kasuwa zai haɗa muku maɓallin rage ƙara na 10k a tsakiyar waya da kuɗi kaɗan.

Sauran matsalolin na ɗakin aiki ne. Ƙugin 50 Hz na wuta ko janareta shi ma filta tana girgiza shi, ya haifi nasa 'ya'yan, don haka a cire caja a yi rikodin a kan batir, a kuma sa hip~ 80, mai datse ƙasan sauti, a bakin shiga. Idan ana jin wani siririn fito da ke sauka lokacin da ake hawa, sautukan da suka wuce 22,050 Hz ne suke naɗowa baya; a ɗaga ma'aunin ɗaukar sauti daga 44,100 zuwa 96,000 a daƙiƙa ko a rage zurfi. Da makirufo a buɗe kuwa a sa abin kunne a kashe sifika, domin kaifin filta da ya haura 20 yana iya kurma ihu nan take. Lokacin hunturu ƙura kan shiga maɓallan inji su riƙa ƙaras-ƙaras, a rufe su da ƙyalle bayan aiki.

Gwaji na gaba shi ne a cire osileta ɗungurum, a sa kalangu ya girgiza filtar da goge ke bi ta ciki. Wanda zai riga mu farawa ya datse kalangun da lop~ 300, ya ninka da 400 kafin +~ 1000.