Rawar neman aure a kan busasshen ganye

Jiya da yamma na tsuguna zan kwashe busassun ganye, sai idona ya faɗa kan wani ɗan gizo-gizo, girmansa bai kai farcen ƙaramin yatsana ba. Irin masu farauta a ƙasa ne, ba sa saƙa yana. Na ɗauka gudu zai yi, ashe hankalinsa na kan wata mace da ta lafe gefen dutse, ta fi shi girma.

Wallahi na manta da aikin. Ya ɗaga 'yan hannuwan nan biyu na gefen bakinsa yana kaɗawa, ya taka kaɗan, ya tsaya cak, yana buga ganyen. Ni ban ji komai ba, ita kuwa da ƙafafunta take jin girgizar. Ƙamshin zaren da ta bari a hanya ne ke jawo namiji, kuma cikin hannuwan nan yake ɗauke da maniyyinsa. In ba ta yarda ba tana iya cinye shi, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan.

Ta zaburo sau ɗaya, ya ja da baya, ya sake farawa. Har duhu ya shiga yana rawarsa. Ban taɓa ganyen ba, na bar musu wajen.