Filin ƙungiyarmu da ya kusa shiga rabon gado

Ranar sadakar arba'in ɗin ma'ajinmu, an shafa fatiha mutane na laluben takalmansu, babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Yaya Sakatare, mun ga takardar wani fili a akwatin Baba, can wajen Kenyase. Malam ya ce a sa shi cikin lissafin gado." Gabana ya faɗi. Filin namu ne. Kuɗin wata-wata na masu aikin wutar lantarki na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi, ƙasar Ghana, ne ya saye shi, da niyyar wata rana mu gina ofis da ɗakin koyar da yara. Amma sunan marigayi ne a jikin takardar, kuma asusun bankin ma da sunansa aka buɗe, domin a idon doka ƙungiyarmu ba kowa ba ce. Da bankin ya samu labarin rasuwa ya rufe asusun, sai magada sun kawo takardar kotu.

Allah ya sa gidan masu tsoron Allah ne. Hajiya da kanta ta fito ta ce, "Ni shaida ce, ya sha faɗa mini kuɗin masu wuta ne, ko sisinsa babu a ciki." Da ta yi shiru, ba mu da abin nunawa sai wani littafi mai baƙin bango da bera ya ci gefensa.

A nan muka nemi lauya. Ya ce akwai dokar rajistar ƙungiyoyin ƙwararru ta 1973, wadda irin su injiniyoyi ke ƙarƙashinta, amma wannan riga ce ta ƙungiyar da ta game ƙasa, ta fi ƙarfin kafaɗarmu. Abin da ya dace da mu shi ne kamfanin lamuni, wanda ba shi da hannun jari, sunansa kuma yake ƙarewa da haruffan LBG. Dokar kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, wadda ta maye gurbin ta 1963, ita ta tsara shi. Kowane mamba yana lamunce wani ɗan kuɗi da zai biya idan ƙungiya ta rushe da bashi a kanta, iyakar abin da za a bi shi ke nan. Ƙungiya sai ta zama mutum mai zaman kansa: ta mallaki fili da sunanta, ta yi ƙara, a yi ƙararta, kuma ba ta mutuwa don ma'aji ya mutu. Sharaɗin shi ne ba a raba riba, ko an rushe ma dukiyar sai ta koma ga wata ƙungiya mai irin manufar. Wasu samarinmu da suke mafarkin mu riƙa karɓar kwangila da sunan ƙungiya muna kasaftawa, nan jikinsu ya yi sanyi. Daga baya su huɗu suka je suka buɗe nasu kamfanin mai hannun jari, kuma hakan ya fi wa kowa.

Wannan ɓangaren bai ba ni wuya ba. Inda na kwafsa shi ne tsarin mulki.

Na karɓi samfuri a hannun lauya, na zauna dare uku na cike guraben, na zo taro ina jin kaina. Na karanta da Turanci ina fassarawa, har na iso sashen da ya ce shugaba zai yi shekara uku, sau biyu kacal, sannan ya sauka. Baba ciyaman, wanda tun ina yaron shago yake kan kujerar, bai ce uffan ba. Ya gyara hularsa, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya fita. Dattawa suka bi bayansa ɗaya-ɗaya. Wata biyu muna taro daga mu sai bencina.

Wata Juma'a bayan la'asar na sayi goro na tafi gidansa. Ya bar ni a tsugune har ya gama lazimi, sannan ya ce, "Ɗana, kana tsammani kujerar ce? Ni na koya wa ubangidanka riƙe filaya. A gaban yaran da ban san sunansu ba ka karanta mini ranar saukata." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, na yi kuskure." Sai ya tambaye ni: a cikin takardar tawa, wa zai je gidan mutum idan ɗan ƙungiya ya haɗa waya ba daidai ba firjinsa ya ƙone? Wa zai zaunar da masta da iyayen yaro idan yaron ya gudu kafin a yaye shi? Na duba, babu. Samfurin ya san darakta da odita mai binciken lissafin kuɗi, bai san sulhu ba, alhali sulhun nan shi ne rabin aikin da ƙungiyar take yi tun kafuwarta.

Saboda haka muka sake zama, wannan karon a zauren Baba, da Hausa, sashe-sashe, sai mun yarda sannan lauya ya mayar da shi Turanci. Muka kafa majalisar dattawa a rubuce. Sulhu da ladabtarwa nasu ne, kuma ba za a sayar da fili ko a jinginar da shi ba sai an ji ta bakinsu sannan a kai babban taro. Amma ba sa sa hannu a kuɗi. Lauya ya ja kunnenmu a kan wani abu da ban taɓa ji ba: mutumin da daraktoci suka saba bin umarninsa, ko ba a naɗa shi ba, doka tana ɗora masa nauyin darakta. Da na fassara wa Baba wannan, dariya ya yi ya ce, "Ashe kujerar ƙaya gare ta. Ku riƙe abinku." Wa'adin shekara uku ya zauna yadda na rubuta shi tun farko, kuma shi da bakinsa ya gabatar da shi a taro.

Rigima ta biyu, wa ke da ƙuri'a? Dokar haɗa wayar lantarki ta 2011 ta ce sai mai shaidar Hukumar Makamashi zai yi wa gini waya. Samarin da suka fito daga Jami'ar Fasaha ta Kumasi suna da shaidar, suka ce su kaɗai ne cikakkun mambobi. Ga kuma mastocin da suka shekara talatin suna aiki, ba su taɓa zama jarrabawa ba, kuma kuɗinsu ne ya sayi filin. Ni a raina na fi karkata ga samarin, don ina son a daina yi mana kallon 'yan kame-kame. Amma korar mai gida daga gidansa ba gyara ba ne. Muka tsaya a kan cewa duk mastan da ba a bin sa kuɗin wata yana da ƙuri'a, yaran shago suna zuwa taro amma ba sa jefawa, sannan rabin daraktoci dole su zama masu shaida. Ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar duk dattijon da ya yarda ya zauna.

Takardun rajista kuwa haƙuri kawai suke so. Ofishin Magatakardan Kamfanoni, wanda aka raba da tsohon ofishin rajista a 2022, yana son aƙalla darakta biyu, kowanne da lambar katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana, wadda tun Afrilun 2021 ita ce lambar harajin mutum, da adireshin GhanaPost GPS, da rantsuwar cewa cikin shekara biyar da suka wuce ba a kama shi da laifin zamba ba. Mun ɓata mako uku saboda sunan mutum ɗaya: mun rubuta shi yadda muke kiransa a zango, a katinsa kuwa an rubuta shi yadda malamin firamare ya ji. Ni ma na sha nawa kashin. Shekara da shekaru ana ce mini Sakatare, ashe sakataren kamfani sai lauya ko akanta ko mai ilimin da dokar ta lissafa. 'Yar wani mambanmu, akanta, ita ta karɓa. Har yau dai Sakatare ake kirana, ni ke buga waya da jera kujeru.

Abin da ban lissafa ba shi ne cewa rajista ba biya ɗaya ba ce. Kowace shekara akwai kuɗin odita, akwai rahoton da ake kaiwa ofishin, shi oditan ma ba ya wuce shekara shida sai an canza shi. Dole muka ƙara kuɗin wata, aka yi ta gunaguni. Na kuma rubuta cewa taro ba ya zama sai rabin mambobi sun halarta, na manta mai aikin wuta ba ya barin kwastoma a duhu don ya zo taro. Babban taronmu na farko bai cika ba. Gyaran sashen kuma yana bukatar sanarwar kwana 21 da amincewar uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa, a taron da shi ma sai rabin sun zo. Sai da muka sa shi kashegarin babbar salla, muka yi alkawarin shinkafa da nama, sannan aka cika aka rage adadin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Asusun banki yanzu da sunan ƙungiya yake, sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, kuɗin wata kuma ta momo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, yake shiga kai tsaye. Filin ne bai ƙarasa ba. A ƙarƙashin sarauta filin yake, don haka bayan magada sun sa hannu sai da muka koma wurin sarkin yankin da abin gaisuwa ya sake takardar da sunan ƙungiya, yanzu kuma muna kan hanyar Hukumar Filaye. Ɗan marigayi ne yake raka ni duk zuwa, shi ke riƙe da fayil ɗin.