Lamba 12 a takardar labo

Hunturun bana ya shigo Maradi da ƙura, a gidanmu na unguwar Zariya babu wanda bai ja majina ba. Autarmu, ƴar shekara shida, ita ta fi jin jiki: masassara, tari, ido ya yi jajir. Rana ta uku na ɗora ta a babur sai asibiti.

An fara tsira mata yatsa don gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, layi ɗaya ya fito, babu. Likita ya saurari ƙirjinta, ya leƙa maƙogwaro da kunne, ya tura mu labo, ɗakin gwaji, a yi mata wani gwajin jini da ake kira CRP. Da la'asar na karɓo takarda: 12, a gefe kuma an rubuta cewa mai lafiya ba ya kai 6. Ni malamin lissafi ne, da na ga abu ya ninka sai gabana ya faɗi.

Likita ko a jikinsa. Ya ce, "Malam, mura ce, aikin birus. Farasitamol da ruwa da yawa. In numfashinta ya yi sauri, ko jibi ba sauƙi, ku dawo a sake gwaji." Bai rubuta mana amoksisilin ba. Na fito ina jin kamar an ci kuɗin cefanena a banza.

Inna kuwa ba ta ɓoye nata ba. "Kai ɗan nan, an zuƙe wa yarinya jini ka dawo hannu rabbana? Ga mai tallan kafso can bakin masallaci."

Daren nan ban yi barci ba sai da na gane abin da aka auna. CRP wani sinadari ne da hanta ke zubowa cikin jini idan wani wuri a jiki ya kumbura ko ya kamu da cuta. Tun 1930 wasu likitoci biyu a Amurka, Tillett da Francis, suka gano shi a jinin masu ciwon huhu. Cikin awa shida zuwa takwas yake fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, in an samu sauƙi kuma ya sauka da wuri. Mura da ire-irenta galibi kaɗan suke ɗaga shi, goma, ashirin, talatin. Bakteriya in ta kama huhu ko ta shiga jini, sau da yawa sai ya haura 100. Ashe 12 ɗin da ta razana ni tana can ƙasan tsani. Su amoksisilin kuwa bakteriya suke kashewa, ba abin da suke yi wa birus, sai dai su koya wa ƙwayoyin cikin hanjin yaro taurin kai.

Amma gwajin kamar hayaƙi yake: yana nuna akwai wuta, ba ya faɗin wanda ya hura ta. Palu ma tana ɗaga shi sosai, shi ya sa a ƙasarmu ake fara kawar da ita tukuna. Wasu birus ɗin, kamar korona in ta yi tsanani, su ma suna kai shi sama. In kuma an ɗibi jinin a awannin farko na ciwo, yana iya fitowa ƙasa alhali cuta na tafe. Sai a nan na gane dalilin "ku dawo jibi", maganar da na ɗauka sallama ce kawai. Da can VS muka sani, wanda ake tsayar da jini cikin siririyar kwalba awa guda a ga yadda ya kwanta. Shi yana da jinkirin hawa da sauka, kuma ƙarancin jini kaɗai kan ɗaga shi.

Rana ta biyar da asuba yarinya ta tashe mu tana neman ƙosai. Inna ta ce zuma da lemun tsamin da ta dinga ba ta ne suka yi aiki, ban yi musu ba. Shekaranjiya ina neman ashana a ɗakin Inna na buɗe wata kwalla, sai ga kafso guda goma cikin leda, ba a ɓalle ko ɗaya ba.