Abin da kwalaye uku suka koya mini game da maganin kitsen jini

A shekarata ta farko a ɗakin ba da magani, wani dattijo da ya tsallake bugun zuciya ya zazzage ledarsa a kan teburina. Sai ga kwalayen atorvastatin, ɗaya daga magungunan rage kitsen jini da ake kira statin, guda uku, ko ɓare su bai yi ba. Na ce, "Baba, me ya hana ka sha?" Ya shafa cinyarsa ya ce, "Ɗana, wannan ciwon jiki yake sa ni. Kitsen kuwa ban taɓa jin zafinsa ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Mun haddace yadda statin ke hana hanta haɗa kolestarol, amma ban taɓa tunanin wuyar shan magani kullum don cutar da ke toshe jijiya shiru ba.

Da wannan idon nake kallon sababbin magunguna yanzu. Bempedoic acid ƙwaya ce da sai ta isa hanta take fara aiki, don haka tsoka takan huta. A gwajin da aka fitar a 2023 kan waɗanda statin bai karɓe su ba, ta rage manyan matsalolin zuciya da kashi 13 cikin ɗari. Inclisiran kuwa allura ce: a yi yau, a sake bayan wata uku, daga nan sai duk wata shida. Tana hana hanta yin furotin PCSK9, mai lalata ƙofofin da hanta ke kwashe LDL, wato mugun kitse, daga jini, sai mugun kitsen ya sauka da kusan rabi. Ga mai mantuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Duk da haka, kyan sakamakon gwajin jini bai isa ya kwantar mini da hankali ba. Wani magani mai suna torcetrapib ya ɗaga HDL, wato kitse mai kyau, sosai, amma a 2006 aka dakatar da gwajinsa saboda mace-mace sun ƙaru. Evolocumab, wata allura mai daƙile PCSK9, ya haye wannan siraɗi a 2017: cikin mutum sama da 27,000, ya rage haɗarin manyan matsalolin zuciya da kashi 15 cikin ɗari.

Shi dattijon, rubutu na yi wa likitansa. Aka sauya masa statin, aka rage yawansa, aka haɗa masa da ezetimibe, mai rage kolestarol ɗin da hanji ke tsotsa. Bayan wata biyu ya dawo, ya ajiye mini kwalayen babu ko ƙwaya ɗaya, ya ce cinyar ta lafa.