Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da yamma aka sallami Baba bayan kwana 16 a gadon asibiti. Yanzu haka yana gida a Rigasa, har ya fara faɗan an cika wa kununsa tsamiya.

Na ga saƙonninku, ban iya amsa ko rabi ba, ku yi haƙuri. Allah ya saka wa mai Keke Napep ɗin da ya ɗauke mu ƙarfe biyu na dare, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Haka ma'aikatan jinya da jama'ar masallacinmu da suka yi karo-karo, da Inna da ba ta runtsa ba. Abokan noman Baba na wajen Saminaka kuwa, gayya suka yi suka ƙarasa masa sussukar masara, suka ɗinke buhuna, ba wanda ya roƙe su. Wannan ba ni da bakin gode musu.

Da yawa kun tambaye ni me ya same shi. Mu ma da farko cewa muka yi sanyin hunturu ne, muka yi ta ba shi citta da zuma. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, yana haki daga ɗaki zuwa zaure, sannan hankalinmu ya tashi.

Likita ta tambaye shi, "Baba, shekara nawa kana tsayawa a bakin injin casa?" Ya ce sun haura talatin. Ta ce to, ƙaiƙayin da ke sa atishawa da sauƙi, hanci yana tare shi. Mugun shi ne ƙurar da ido ba ya gani, wadda kaurin gashin kai ya ninka ta kusan sau 30. Ita ke wucewa can ƙasan huhu, ga funfunar hatsin da ya sha danshi a cikinta. Shekara da shekaru tana yi wa huhu tabo, iska ba ta shiga jini yadda ya kamata, sai jiki ya ƙara ƙwayoyin jini har jinin ya yi kauri. Ɓangaren dama na zuciya, wanda ke tura jini zuwa huhu, shi ke ɗaukar wahalar har ya gaji. Daga nan kumburin ƙafar ya fito. Ta ƙara da cewa irin wannan ƙurar tana iya tayar da hawan jini, ta kuma sa jini saurin daskarewa.

Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma tsumma nake ɗaurawa a hanci in na je taya shi shiƙa. Ashe tsumma ba ya tare ta, sai takunkumi irin N95, kuma mutum ya tsaya ta inda iska ke tahowa. Na riga na sayi kwali guda, Kawu zai kai wa yaran gona ranar kasuwa.

Masu son zuwa dubiya, bismillah, amma bayan La'asar, don da safe yana hutawa. Iyayenmu mata, don Allah a bar turaren wuta a gida, likita ta hana hayaƙi a ɗakinsa.