Gonakin inabin Turai a idon ɗan gidan fataken goro

Ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ba ni da niyyar yin haka, amma aikin da nake yi a kan ingancin koko ya kai ni Faransa wani horo na makonni uku game da yadda ake kare sunan amfanin gona, kuma da muka isa sai na tarar cewa a can ba a koyar da wannan darasi sai a cikin gonar inabi. Da na dawo Kumasi na je Aboabo gaida Kawu, wanda ya haura shekara arba'in yana fataucin goro, sai ya tambaye ni cikin zolaya ko karatun barasa aka tura ni. Na ce masa, "Kawu, abin da na gani can sana'arku ce, kayan ne kawai suka bambanta."

Yankin Burgundi, kudu da birnin Dijon, shi ya fi ɗaure mini kai. Kusan duk jar giyar da suke tinƙaho da ita daga inabi iri ɗaya ake yin ta, wato Pinot Noir, farar kuma daga Chardonnay, amma a takardar da ke jikin kwalba da wuya ka ga sunan inabin, sunan gonar ake rubutawa. Sun yanka gangaren tsaunin nan gida 1,247, kowane yanki da sunansa da iyakarsa, har hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. 'Yan zuhudun Kirista na Cîteaux, waɗanda suka kafa gidansu a 1098, suna cikin waɗanda suka daɗe suna lura cewa inabin tsakiyar gangare, inda ruwa ba ya kwanciya kuma rana ke bugunsa tun da hantsi, ya fi na gindin tsauni inda laka ta yi yawa. Su ne suka kewaye gonar Clos de Vougeot da katangar dutse. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace ta aka sayar, daga baya ciniki da rabon gado suka yi ta gutsuttsura ta, har yau hekta 50 ɗin nan tana hannun mutum kusan 80, wani ma 'yan layukan kunya kawai gare shi. Gonar Romanée-Conti kuwa, wadda giyarta ke cikin mafi tsada a duniya, ba ta cika hekta 2 ba. Na tsaya a bakinta na ga ba ta kai gonar kokon wani ƙaramin manomi a garin Tepa na Gana ba.

Bodo (Bordeaux), ita ma a Faransa, tana da nata tsarin dabam, kuma shi ne Kawu ya gane tun kafin in gama bayani. Birni ne na tashar jiragen ruwa a bakin kogin Garonne, saboda haka 'yan kasuwa da dillalai ne suka daɗe suna riƙe da wuƙa da nama. A gefen hagu na kogin, inda ƙasa ke da tsakuwa, inabin Cabernet Sauvignon ya fi yawa, a gefen dama mai yumɓu kuma Merlot, kuma gauraya su ake yi. A 1855, lokacin baje kolin da Napoleon na Uku ya shirya a Paris, dillalai ne aka ce su jera gidajen giya aji biyar, su kuwa suka jera su bisa farashin da suka saba samu a kasuwa. Gida huɗu suka sa a ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Baron Philippe de Rothschild, mai gonar Mouton da aka bari a aji na biyu, bai yarda da wannan hukunci ba. Tun 1924 ya daina sayar wa 'yan kasuwa giyarsa a ganga, ya riƙa ɗura ta duka a kwalba a gonarsa da sunansa a jiki, kuma bai daina fafutuka ba sai 1973 da aka ɗaga gonar zuwa ajin farko.

Nan ne na tuna da goron Gwanja. Goron nan a dajin Asante yake tsirowa, amma da yake a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja fatake ke sayensa, sai mutanen Kano da Sakkwato suka san shi da sunan ƙasar da aka yi cinikinsa, sunan dajin da ya haife shi kuwa ya ɓace a hanya. Haka giyar Port ta Fotugal ta ɗauki sunan birnin Porto inda ake lodinta, alhali inabinta a tsaunukan kogin Douro ake nomawa, can nesa da teku. Bambancin shi ne tun 1756 gwamnatin Marquês de Pombal ta kafa duwatsun iyaka a Douro, ta ce abin da ba a noma a cikinsu ba ba zai ci sunan ba. Faransa ta mai da irin wannan doka ta ƙasa baki ɗaya a 1935, Italiya ta biyo baya a 1963, shi ya sa ba a yin giyar Barolo sai da inabin Nebbiolo na wasu ƙauyukan Piedmont, kuma ba a kiran giya Shamfen sai ta yankin Shamfen. Rioja ta Sifaniya da inabinta Tempranillo, da Mosel ta Jamus da Riesling, kowace da nata ƙa'idojin.

Abin da ya tura Faransawa ga wannan doka shi ma mun san irinsa. A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya kashe gonaki ba adadi, giya ta yi ƙaranci, 'yan algus suka cika kasuwa da jabu mai ɗauke da sunayen manyan yankuna. Maganin ƙwaron shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: reshen Turai a kan saiwar Amurka, kuma akasarin inabin Turai a kan wannan saiwa yake har gobe. Mu da cutar kumburin reshe ta faɗa wa kokonmu a shekarun 1930, sare itatuwa aka yi ta yi.

A kantunan Dijon na duba cakulan iri-iri. Waɗanda suka ambace mu sun rubuta Gana ne kawai, ban ga mai sunan yankunan kokonmu irin su Sefwi ko Ahafo ba. Da na faɗa wa Kawu haka, sai ya buɗe ganyen da ke gabansa, ya zaro jan goro ɗaya, ya juya shi a tafin hannu ya ɓare.

"Ɗana, wannan na Ahafo ne, ko cikin duhu ka ba ni zan gane shi," in ji shi. "Shi wancan Baturen da ya ƙi sayar wa dillalai a ganga, shekara nawa ka ce ya yi yana jira?"

Na ce masa 49.